Yadda Dusa Ta Shiga Kantin Magani: Tarihin Harza, Kolastarol da Ciwon Zuciya

1.0 Gabatarwa

A gidan Bahaushe, idan aka surfa gero ko dawa aka bakace, tsaba ce ke wucewa wurin niƙa, dusa kuwa sai a zuba wa awaki da kaji. Haka abin yake a Maraɗi da Damagaram, haka yake a Katsina da Sakkwato. Turawa ma sun daɗe a kan irin wannan fahimta, wato abin da ciki bai narkar ba ai ba abinci ba ne. Sai ga shi a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 wannan abu da aka raina ya zama abin muhawara tsakanin manyan likitocin duniya, har aka wayi gari ana ɗura shi a gwangwani ana sayarwa da tsada a kantunan magani, da sunan yana rage kolastarol kuma yana kare zuciya.

Wannan maƙala za ta bi sawun yadda hakan ta faru. Labari ne da ya ratsa Jamus da Rasha da Yuganda da Ingila da Amurka da Indiya, kuma tambayoyin da ke cikinsa sun shafi rai da aljihu. Shin garin harza da ake saye yana rage kolastarol da gaske? In yana ragewa, da nawa? Shin ragewar ta kai ta hana mutum mutuwa da ciwon zuciya? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, kimanin kashi 32 cikin 100 na duk mace-macen duniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na wannan adadi ya faɗa ne a kan ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi.

2.0 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kafin a shiga tarihi, ya dace a daidaita kalmomi uku da za su riƙa maimaituwa.

Harza, a asalin Hausa, ita ce zaren nan da ke cikin duma idan aka fafe shi. Masu rubutu kan kiwon lafiya sun ari kalmar don fassara abin da likitoci ke kira faiba, wato ɓangaren tsiro da ake ci amma ruwan narkar da abinci na ɗan Adam ba ya iya narkar da shi. Harza iri biyu ce. Akwai wadda ba ta narkewa a ruwa, kamar ta dusar alkama. Akwai kuma wadda ke jiƙa ta kumbura a ruwa, kamar ta wake da wasu ƴaƴan itatuwa.

Yauƙi shi ne santsi da jan nan da ake gani a miyar kuɓewa ko ta karkashi. Mai karatu ya riƙe wannan kalma da kyau, domin a kanta labarin zai tsaya daga ƙarshe.

Kolastarol wani maiƙo ne da jiki ke buƙata don gina bangon ƙwayoyin halitta da haɗa wasu sinadarai. Mafi yawansa jiki ne ke ƙera shi da kansa, musamman a hanta. Maiƙo ba ya haɗuwa da ruwa, saboda haka wasu ƙunshe-ƙunshe ne ke ɗauke da shi a cikin jini. Wanda ake kira LDL shi ne idan ya yi yawa yake maƙalewa a bangon jijiya, ya taru shekara da shekaru, har hanyar jini ta ƙuntata ko ta toshe.

3.0 Hanyoyi Biyu da Ba Su Haɗu Ba

Tarihin harza da na kolastarol sun faro ne kowanne da hanyarsa. Wajen shekarar 1815 wani masanin haɗa sinadarai na Faransa, Michel Chevreul, ya raɗa wa maiƙon da ake samu a duwatsun maɗaciya sunan da ya zama kolastarol. A 1913 kuma, a birnin Santa Fitasbag na Rasha, Nikolai Anichkov ya ciyar da zomaye kolastarol da aka narkar a man girki, sai ya tarar jijiyoyinsu sun yi irin kumburin da ake gani a jijiyoyin tsofaffi. Likitocin zamaninsa ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. Hujjarsu ita ce zomo maciyin ciyawa ne, ba a auna mutum da shi.

Ita kuwa harza, masana abincin dabbobi ne suka fara auna ta. Wajen shekarar 1860, a tashar binciken noma ta Weende kusa da Gotingen a Jamus, Wilhelm Henneberg da Friedrich Stohmann suka fito da wata dabara: a tafasa abincin dabba a ruwan asid, a sake tafasa shi a ruwa mai kaifi irin na toka, abin da ya rage shi ne harza. Manufarsu ita ce a san yawan abin da ba shi da amfani a cikin harawa. Wannan awo ya yi fiye da shekara 100 ana aiki da shi har a kan abincin mutane, alhali tafasar tana cinye mafi yawan harzar mai narkewa a ruwa. Wato dai ma'aunin da kansa yana zubar da abin da daga baya aka gane shi ne mai rage kolastarol.

A daidai wannan zamani ne injinan niƙa na ƙarfe suka bazu, daga Hangare zuwa Ingila da Amurka, a shekarun 1870 da 1880. Waɗannan injina suna raba dusa da ƙwayar alkama tsaf. Farar fulawa, wadda a da sai masu hali, ta zama abincin talaka. An sami masu ƙorafi tun kafin nan, irin su Sylvester Graham na Amurka da ya wallafa littafi kan burodi a 1837 yana kira da a bar alkama da dusarta, kuma kamfanin Kellogg ya fito da All-Bran a 1916. Sai dai yawancin maganarsu a kan lafiyar ciki da taurin bayan gida take. Zuciya ba ta shigo cikin zancen ba tukuna.

4.0 Abin da Aka Gani a Asibitin Mulago

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ciwon zuciya ya zama annoba a ƙasashen Turawa. A 1948 aka fara binciken garin Framingham a Amurka da mutum 5,209, wanda ya nuna cewa yawan kolastarol da hawan jini da shan taba suna cikin manyan abubuwan da ke janyo ciwon. A watan Satumba na 1955 shugaban Amurka Dwight Eisenhower ya kwanta da bugun zuciya, hankalin jama'a ya ƙara tashi. Yawancin masana, a ƙarƙashin jagorancin Ancel Keys na Jami'ar Minesota, suka ɗora laifi a kan kitsen dabbobi.

Wata fahimtar dabam ta taso ne daga Afirka. Hugh Trowell likita ne ɗan Ingila da ya sauka Kenya a 1929, sannan ya koma asibitin Mulago da ke Kampala a Yuganda, inda ya yi aiki fiye da shekara 20. A tsawon wannan lokaci ya lura cewa cututtukan da suka cika asibitocin Landan, irin su toshewar jijiyar zuciya da duwatsun maɗaciya da sankarar babban hanji, da wuya a gan su a jikin ƴan ƙasa. Ya tattara abin da ya gani a littafin da ya fitar a 1960 kan cututtukan da ba a ɗauka a Afirka.

A 1959 wasu likitoci biyu a Kampala, Gerald Shaper da K. W. Jones, suka auna jinin ƴan Afirka da na Indiyawa mazauna birnin. Garin ɗaya, iskar ɗaya, amma kolastarol ɗin Indiyawan ya zarce na maƙwabtansu nesa ba kusa ba, kuma ciwon zuciya yana yi musu ɓarna, alhali a cikin ƴan Afirkan kusan babu shi. Abincin ƴan ƙasar kuwa ayaba ce ta dafawa, da dankali da rogo da masara da wake da ganyaye. Can a Johannasbag ta Afirka ta Kudu, Alexander Walker ya riga ya ga irin wannan tun 1954, har ya kawo shawarar cewa yawan harza na iya zama cikin dalilai. Shekara ɗaya kafin nan, a 1953, wani likitan Ostareliya mai suna Eben Hipsley ya fara amfani da sunan da Turanci ke kiran harzar abinci da shi a yau.

Wanda ya kai maganar kunnen duniya shi ne Denis Burkitt, likitan tiyata ɗan Ayalan, wanda ya rasa ido ɗaya tun yana yaro. Ya isa Yuganda a 1946, kuma a 1958 ya bayyana wata sankara ta yara da har yau ake kira da sunansa. Da ya koma Ingila, sai ya haɗu da Thomas Cleave, tsohon likitan sojan ruwa da ke ganin cewa tataccen sukari da farar fulawa su ne tushen cututtukan zamani. Burkitt ya juya tambayar: maimakon a dubi abin da aka ƙara wa abinci, a dubi abin da aka cire masa. Ya shiga aikin da ba kowane babban likita zai yarda ya yi ba, wato auna bayan gidan mutane a kan sikeli. A 1972 shi da Walker da Neil Painter suka wallafa sakamako a mujallar Lancet. Mutumin ƙauyen Yuganda yana fitar da fiye da giram 400 a rana, abinci kuma yana ratsa cikinsa a kwana ɗaya da rabi. Baturen Ingila yana fitar da giram 100 da ƴan kai, abinci yana kwana uku ko fiye a cikinsa. A shekarar ce kuma Trowell ya fitar da maƙala mai danganta ƙarancin harza da ciwon zuciya kai tsaye, sannan a 1975 su biyun suka haɗa littafi a kan batun.

Wannan hujja tana da rauni, kuma abokan hamayya ba su yi jinkirin nuna shi ba. Manomin Yuganda na wancan zamani ya bambanta da ma'aikacin ofis na Landan ta fuskoki da yawa. Kitsen da yake ci kaɗan ne, yini yake yana aikin ƙarfi, ƙiba ba ta dame shi ba, kuma da yawa ba sa kai shekarun da ciwon zuciya ya fi kama mutum. Ganin abu biyu tare ba ya tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya. Sai an gwada.

5.0 Gwaji Ya Raba Gardama

Gwaje-gwajen farko sun zo da abin mamaki. A 1961 Keys da abokan aikinsa suka ba wasu maza giram 15 na fektin kullum, wato harzar da ke cikin tuffa da ɓawon lemo, sai kolastarol ya sauka da kimanin kashi 5 cikin 100. Da suka ba su harza marar narkewa, ba abin da ya motsa. A 1963 a ƙasar Holan, A. P. de Groot da abokansa suka ciyar da samari 21 burodi mai ɗauke da giram 140 na hatsin da Turawa ke kira ots, kullum har mako uku. Kolastarol ɗinsu ya ragu da kashi 11 cikin 100. A 1975 David Jenkins da abokansa a Ingila suka gwada fektin da ƙaron waken guwa da dusar alkama. Biyun farko suka rage kolastarol, dusar alkama ta kasa.

Nan aka gane cewa harza suna ta tara. Dusar alkama, wadda mabiya Burkitt suka fi tallatawa, tana sauƙaƙa bayan gida, amma ba ruwanta da kolastarol. Wadda ke aiki a kan jini ita ce mai jiƙa ta yi kauri da yauƙi.

Ga yadda abin ke gudana. Hanta tana amfani da kolastarol ta ƙera ruwan maɗaciya, wanda ake zubawa a hanji don narkar da maiƙo. Jiki ba ya almubazzaranci da wannan ruwa: kimanin kashi 95 cikin 100 na sinadaransa ana tsotse su a ƙarshen ƙaramin hanji a mayar wa hanta. Idan harza mai yauƙi ta shiga hanji, sai ta kama wani kaso na waɗannan sinadarai ta fice da su ta bayan gida. Dole hanta ta ƙera sabo, kuma don ta sami kayan aiki sai ta ƙara yawan ƙofofin da take janyo LDL daga jini da su. Waɗannan ƙofofi su ne Michael Brown da Joseph Goldstein suka gano a Dalas ta Amurka a farkon shekarun 1970, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1985.

Wani magani mai suna kolestiramin yana bin wannan hanya ɗaya, sai dai ya fi ƙarfi. A 1984 aka fitar da sakamakon gwajinsa a kan maza 3,806 a Amurka, bayan an bi su kimanin shekara bakwai. Ciwon zuciya ya ragu da kashi 19 cikin 100 a cikin waɗanda suka sha shi. Wannan ya ƙarfafa zaton cewa duk abin da ya fitar da ruwan maɗaciya ya rage LDL zai iya kare zuciya.

6.0 Zazzaɓin Dusar Ots a Amurka

Daga ɗakin bincike sai magana ta faɗa kasuwa. James Anderson na Jami'ar Kentaki ya yi ta wallafa gwaje-gwaje kan dusar ots da wake tun farkon shekarun 1980. A 1987 wani marubuci, Robert Kowalski, wanda shi kansa an yi masa tiyatar zuciya, ya fitar da littafi mai alkawarin saukar da kolastarol cikin mako takwas, dusar ots ce kuma ginshiƙinsa. Littafin ya yi kasuwa ƙwarai. Kamfanoni suka shiga zuba dusar a biskit da burodi da cincin, wani ma ɗan barbaɗe kawai yake yi don ya sami abin rubutawa a kwali, ga sukari da mai jibge a ciki.

A watan Janairu na 1990 kasuwar ta faɗi warwas. Wasu masu bincike a Bostan, cikinsu har da Frank Sacks, suka wallafa gwajin da suka yi a kan mutum 20. Sun ba su dusar ots na mako shida, sannan farar alkama marar harza na mako shida, sai duka biyun suka rage kolastarol da kusan adadi ɗaya. Bayanin da suka bayar shi ne, wanda ya cika cikinsa da hatsi ba ya samun wurin cin kitse. Jaridu suka yayata cewa dusar ots yaudara ce. Abin da ba su faɗa da ƙarfi ba shi ne mutanen ƴan kaɗan ne, kuma tun asali kolastarol ɗinsu ba shi da yawa.

Gaskiya ta zauna ne tsakanin zuzutawa da kushewa. A 1999 Lisa Brown da Walter Willett da shi Sacks ɗin da wani abokin aikinsu suka haɗa gwaje-gwaje 67 wuri ɗaya suka tace. Sun tarar cewa harza mai narkewa tana rage kolastarol tabbas, amma da kaɗan. Giram 3 daga ots, wato abin da za a samu a ƙananan kwanoni uku, yana rage kimanin milimol 0.13 a kowace lita ta jini, wato kimanin kashi 2 cikin 100 ga yawancin mutane.

Wannan hayaniya na cikin abubuwan da suka sa majalisar Amurka ta yi doka a 1990 kan abin da aka yarda a rubuta a jikin kwalin abinci. A 1997 hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta amince a rubuta cewa giram 3 a rana na harzar ots, wadda ake kira beta-gulukan, na iya rage haɗarin ciwon zuciya, da sharaɗin a haɗa da abinci mai ƙarancin kitse. Daga baya aka shigar da sha'ir cikin wannan izini, Tarayyar Turai ma ta amince da irinsa.

7.0 Kunnen Doki Daga Indiya

Harzar da ta fi kowace shahara a kantin magani ita ce isabgul, ɓawon ƙwayar wani ɗan tsiro da ake nomawa a jihohin Gujarat da Rajastan na Indiya, kuma garin Unjha ne babbar kasuwarsa. Sunan daga Farisanci yake, ma'anarsa kunnen doki, saboda siffar ƙwayar. Masu maganin gargajiya na Indiya da Farisa sun daɗe suna ba da shi don gyaran ciki. A 1934 wani kamfanin Amurka, G. D. Searle, ya fara sayar da shi da sunan Metamucil a matsayin maganin taurin bayan gida, sannan Procter & Gamble ya saye sunan a 1985.

Isabgul yana da halin da ya bambanta shi da sauran: idan ya sha ruwa yana zama kamar kunu mai kauri, kuma yana riƙe wannan kauri har ƙarshen hanji. A 1998 hukumar Amurka ta ba shi irin izinin da ta ba ots, a kan giram 7 na harza mai narkewa a rana, wato kimanin giram 10 na ɓawon. A 2000 Anderson ya haɗa gwaje-gwaje takwas, ya tarar wannan adadi yana rage LDL da kashi 7 cikin 100. Wani nazari na 2018 da ya haɗa gwaje-gwaje 28 ya sami ragin milimol 0.33 a lita. An kuma gwada shi tare da maganin sitatin a 2005: miligiram 10 na simbastatin haɗe da isabgul ya yi aikin da miligiram 20 ke yi shi kaɗai.

Abin da ke kumbura a ruwa yana iya kumbura a maƙogwaro. A farkon shekarun 1990 hukumomin Amurka suka hana sayar da wasu ƙwayoyin rage ƙiba na ƙaron guwa, bayan sun toshe wa mutane maƙoshi da hanji. Shi ya sa ake gargaɗin a sha isabgul da cikakken kofin ruwa, a fara da kaɗan saboda kumburin ciki, a kuma ba da tazara tsakaninsa da sauran magunguna don kada ya rage tsotsarsu.

A nan ne ƙasashen Sahel suka shigo labarin. Ƙaro, wanda ake tsinta a jikin dakwara daga Kurdufan ta Sudan zuwa Cadi da Nijar da arewacin Nijeriya, kusan dukkansa harza ce mai narkewa, kuma a 2021 hukumar Amurka ta amince a lissafa shi cikin harzar abinci. Sai dai ƙaro yana narkewa ne ba tare da ya yi kauri sosai ba, kuma da aka gwada shi a Amurka a farkon shekarun 1990 gefe da gefe da harza mai kauri, ita ta rage kolastarol, shi bai rage ba. Narkewa kaɗai ba ta isa ba, sai da yauƙi.

8.0 Rage Kolastarol Daban, Tsawon Rai Daban

Saura babbar tambaya. Waɗanda suka bi dubban mutane shekara da shekaru suna rubuta abin da suke ci sun yi ta samun amsa iri ɗaya. Tun 1977 Jerry Morris ya ga cewa a cikin maza 337 a Ingila, masu cin harzar hatsi da yawa sun fi tsira daga ciwon zuciya. Wani nazari na 2013 ya nuna cewa duk ƙarin giram 7 na harza a rana yana tafiya da ragin haɗari na kashi 9 cikin 100. A 2019 Andrew Reynolds da Jim Mann na ƙasar Niyu Zilan suka tace bincike 185 da gwaje-gwaje 58, suka tarar masu cin harza da yawa mace-macensu ya gaza na masu cin kaɗan da kashi 15 zuwa 30 cikin 100, kuma amfanin ya fi bayyana daga giram 25 zuwa 29 a rana.

Abin lura shi ne duk wannan harza ce ta cikin abinci, ta wake da hatsi da ganye da ƴaƴan itatuwa. Mai cin irin wannan abinci sau da yawa shi ne kuma marar shan taba, mai motsa jiki. Da aka zo gwaji na kai tsaye, sakamakon bai faranta rai ba. A 1989 Michael Burr ya wallafa gwajin da aka yi a yankin Wels na Birtaniya a kan maza 2,033 da suka taɓa samun bugun zuciya. An shawarci wasu su ƙara cin kifi, wasu su rage kitse, wasu su ƙara harzar hatsi. Bayan shekara biyu, mace-mace ya ragu da kashi 29 cikin 100 a cikin ƴan kifi, amma ƴan harza ba su sami wani ragi ba. Masu kare harza sun amsa da cewa yawancin abin da aka ci na alkama ne, kuma shekara biyu ta yi kaɗan ga jijiyar da ta riga ta lalace.

Garin harza na kantin magani kuwa, har yau ba a yi masa irin babban gwajin da aka yi wa sitatin ba, kamar na ƙasashen Sikandinebiya a 1994, inda aka bi mutum 4,444 aka ga mutuwa ta ragu da kashi 30 cikin 100. Abin da ake da shi lissafi ne. Gwaje-gwajen sitatin sun nuna cewa duk milimol ɗaya da aka rage na LDL yana rage manyan cututtukan jijiya da kimanin kashi 22 cikin 100. Idan isabgul yana rage sulusin milimol, to abin da za a sa rai shi ne ragin kimanin kashi 7 cikin 100, matuƙar an dawwama a kansa. Amfani ne na gaske, amma bai kai ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta wa mai babban haɗari ba. Jenkins, wanda ya koma Toronto ta Kanada, ya nuna a 2003 cewa idan aka haɗa harza mai yauƙi da waken suya da ƙwayar almon da wani maiƙon tsiro, LDL na sauka da kusan kashi 29 cikin 100 a wata ɗaya, dab da abin da ƙaramin awo na sitatin ya yi. Ƙarfin yana cikin haɗuwar ne, kamar tsintsiya.

9.0 Kammalawa

Shekara 50 da ɗoriya bayan Burkitt da sikelinsa, abin da ya tabbata ana iya taƙaita shi. Harza mai yauƙi, ta ots da sha'ir da isabgul da fektin, tana rage LDL da ɗan adadi sananne. Dusar alkama da ƙaro suna da nasu amfanin, amma ba wannan ba. Hujjar tsawon rai kuma ta fi ƙarfi a wajen abinci cikakke fiye da garin gwangwani. Shi ya sa shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ta ce babba ya sami aƙalla giram 25 na harza a rana daga abincin da ta zo a cikinsa tun asali, tare da giram 400 na ganyaye da ƴaƴan itatuwa.

Akwai abin tunani a ƙarshen wannan tarihi. Abincin da likitocin Mulago suka gani a kwanon talakan Afirka shi ne Turawa suka koma nema a kantin magani, a daidai lokacin da biranen Afirka ke barinsa suna rungumar farar shinkafa da burodi da taliya da lemon kwalba. Kampala ta yau tana da cibiyar kula da masu ciwon zuciya a harabar asibitin Mulago ɗin nan da a da ba a ganin ciwon. A ƙasar Hausa hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ne suka fi addabar jama'a, kuma harza ba ta maye gurbin rage gishiri da auna jini a kai a kai. Duk da haka, wake da gujiya da zogale da kuka da kuɓewa, da gero da dawar da ba a tsananta musu surfe ba, suna nan a kasuwar kowane ƙauye, a farashin da bai kai na gwangwanin da aka yo oda daga waje ba. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.